Allurar Gwaggo: Tunawa da Mahaifina, Malam Shu'aibu Mai Wayarin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin rasuwar mahaifina, Malam Shu'aibu mai wayarin mota na Kwamba, ya same ni ne a bayan sitiyari, cikin cunkoson Madalla, ranar Alhamis da misalin ƙarfe takwas na safe. Wayata tana ta ruri a aljihun gaban riga, ni kuwa idona yana kan wata 'yar allura a gaban mota. Sai a kira na uku na ɗauka. Baffa Sale ne, ƙanen Baba, kuma bai yi mini kwana-kwana ba.

"Habibu, sai haƙuri. Yaya ya cika yanzun nan. Kana ina?"

Na ce ina hanyar Abuja.

"To ka juyo. Ƙarfe sha ɗaya za a yi jana'iza. Ka san wasiyyarsa, ya ce kada a ajiye shi jiran kowa."

Na ce to, amma ban juyo ba. Ni ne babban ɗansa namiji, kuma ban sallaci gawarsa ba, ban kama makararsa ba, ban shiga kabarinsa na karɓe shi ba. Duk wanda ya zo zaman makoki ya san haka. Wasu sun faɗa a gabana, da yawa sun faɗa a bayan idona, har na ji an ce aikin Abuja ne ya fi mini ubana. Na yi shiru har aka yi addu'ar bakwai, domin tabarmar ta'aziyya ba wurin kare kai ba ne. Yanzu zan faɗi yadda aka yi, kuma ba don in wanke kaina ba, domin a labarin nan ni ne mai laifi. Akwai wani laifi da Baba ya ɗauka a kansa kwana biyu kafin rasuwarsa, wanda ba nasa ba ne, kuma ba zan bari a ci gaba da tunawa da shi da wannan laifin ba.

Baba ya shafe fiye da shekara arba'in a rumfar kwano da ke bayan masu facin taya a Kwamba. Direbobi suna ce masa Baba Rewaya, sa'o'insa suna ce masa Malam Shu'aibu, shi kuwa kowanne aka kira yakan amsa ba tare da ya ɗago kai daga abin da ke hannunsa ba. Ba mutum ne mai fara'a ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da saurin tsawa, kuma in ka tare masa haske zai ture ka da gwiwar hannu ko kai wane ne. Amma ban taɓa ganin ya mayar da murfin abu bai gwada shi ba. In ya gyara fitilar birki, sai ya sa mai motar ya fito ya tsaya a baya ya gani da idonsa. In ya haɗa waya biyu, sai ya ja su da ƙarfi kamar mai son tsinka su, in sun riƙe sannan ya naɗe da tef. Masu tasin Abuja sukan zo a guje suna cewa, "Baba, abeg, yi mana dairek kawai mu wuce, fasinja na jira." Dairek shi ne a tsallake abin da ya lalace, a haɗa waya kai tsaye don dai abu ya motsa. Sai Baba ya nuna musu hanya da sukudireba ya ce, "Masu yin dairek suna gaba, ku ƙarasa."

Yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kanta. Kowace mota aka kawo, ko da hon ne kawai ya daina kuka, sai ya fara buɗe bonet ya dubi batir, ya bi wayoyinsa biyu da yatsa ya ga inda kowacce ta nufa. Wannan yake kira gaisuwa. Da na gama makarantar kimiyya na dawo da takardata ina ɗaga kafaɗa, ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce, "Madalla. Amma duk karatunka, ka gaishe da mota kafin ka taɓa ta." Na yi dariya a lokacin. Na samu aikin kafa wutar sola a gidajen Abuja, nakan bi sahun masu sammako daga Suleja kullum, kuma a zuciyata na ɗauka na wuce rumfar kwano. Sai da ciwon zuciya ya kama Baba, ƙafafunsa suka kumbura, hannunsa ya fara rawa, sannan na koma zama a rumfar duk ranar Asabar don kada a rufe ta.

Gwaggo kuwa mota ce. Tsohuwar mota ce ƙirar Ingila mai dogon baya, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa muka sa mata wannan suna tun muna yara. Mai ita shi ne Baba Danladi, mutumin Garam, Kirista, wanda ya yi wa wani Bature direba a ƙuruciyarsa, da Baturen zai koma gida ya bar masa ita. Shi da Baba abokai ne tun kafin a haife ni, kuma babu hannun da ya taɓa shiga wayoyin Gwaggo sai na Baba. Masu sha'awar tsofaffin motoci daga Abuja sun sha zuwa suna ɗaukar hotonta suna roƙon a sayar musu, ya ƙi. Ba don ado yake riƙe da ita ba. Matarsa, Mama Laraba, tana fama da ciwon ƙoda, kuma duk Litinin da Alhamis sai an kai ta wani asibiti a Abuja an yi mata wankin ƙoda da inji. Saboda haka ma suka baro Garam suka kama ɗaki a Kwamba, 'ya'yansu kuwa duk suna nesa. Ba ta iya doguwar tafiya a zaune, balle a matse a tasi, sai a kwance. A bayan Gwaggo ake shimfiɗa mata katifa. A asibitin nan kuma kowa da lokacinsa, in ka makara aka ba wani injin, sai ka jira zagayowar ranarka.

Wata Asabar Baba yana gida a kwance, Baba Danladi ya kawo Gwaggo rumfa. Allurar mai da allurar zafin inji duka sun kwanta, ba sa motsi. Na san ciwon nan take. A bayan gilashin gejin akwai wani ɗan gwangwani da bai wuce akwatin ashana ba, shi ake kira regileta. Batir yana ba da wuta sha biyu, in inji na tafiya har ta kai sha huɗu, su kuwa alluran nan goma suke so, ba ƙari ba ragi. Gwangwanin ne ke tace musu ita. Na zamanin da yana da ɗan siririn ƙarfe a ciki mai lanƙwashewa idan ya ji zafi, yana kunnawa yana kashewa, har tsatsa da tsufa su ci shi. Na zamani kuwa wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafa uku, bai kai farcen babban yatsa ba, ba ya motsi ba ya tsatsa. Ina da irinsa a jakar aikina. Na ce a raina yau zan nuna wa Baba cewa karatu ba wasa ba ne.

Ban gaishe da Gwaggo ba. Ban buɗe bonet ba, kai tsaye na cusa kaina ƙarƙashin sitiyari. Da na buɗe, da na ga abin da duk wanda ya tashi a rumfar Baba ya kamata ya tuna: wutar Gwaggo a juye take. A motocin yanzu baƙar wayar batir ce ake ɗaurewa a jikin mota, a irin su Gwaggo kuwa jar ce a jiki. Tsohon gwangwani bai damu da ta ina wuta ta shigo ba, amma na zamani ya damu ƙwarai. Ina murɗa makulli na ji ɗan ƙara, wani siririn hayaƙi mai ƙauri ya fito, abin ya ƙone. Baba Danladi yana can zaune a benci yana hira da mai faci, bai ga komai ba. Tsohon gwangwanin kuwa na riga na fasa shi na cire hanjinsa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in fita in ce na yi kuskure, a bar motar zuwa gobe. Kunya ta hana ni. Na ɗauki waya na yi dairek, a rumfar mutumin da ya shekara arba'in yana korar masu neman a yi musu shi. Alluran suka tashi tsaye, sai dai wutar ta yi musu yawa, don haka kowacce tana nuna fiye da gaskiya. Baba Danladi ya leƙa ya ce allurar zafi ta yi sama. Na ce masa, "Haka sabon yake, Baba Danladi. Za ta riƙa hawa, kada ka damu da ita." Na yi niyyar in gyara a Asabar mai zuwa ba tare da kowa ya sani ba. Baba yana da wata magana da yake yawan yi wa masu mota, kuma tana kunnena lokacin da nake naɗe wayar nan. Yakan ce, "Allurar da ta mutu ba ta cutar da kowa, direba ya san ba ta aiki. Wadda ke motsi tana faɗin ƙarya nake tsoro."

Ranar Litinin mai ya ƙare wa Gwaggo a gangaren da ke gaba da Zuba, allura tana nuna saura kwata. Baba Danladi, tsoho mai shekaru wajen tamanin, ya fito yana tura motar gefen titi shi kaɗai, ƙafarsa ta zame ya faɗi a kan hannunsa. Kafin a samu mai, kafin a samu mai tuƙa su, lokacin Mama Laraba ya wuce. Ta yi awa biyu a kwance cikin ƙarfen mota da rana, aka dawo da ita gida ba a yi mata wankin ba.

Ranar Talata da hantsi Baba ya sa aka ɗauko shi a keke napep aka kawo shi rumfa, duk da magiyar Inna, mahaifiyarmu. Ya aiko a kira ni daga wurin aiki. Na tarar an jawo Gwaggo, an zaunar da shi a kujerar direba, gilashin gejin yana kan cinyarsa. Baba Danladi yana tsaye da hannu a naɗe, ga masu faci da direbobi biyu suna kallo. Baba ya riƙe wayar da na haɗa. Ni kaɗai ne a gidanmu bahago, naɗin tef ɗina daban yake, kuma na ga lokacin da ya gane shi. Bai ko dube ni ba. Ya juya ga abokinsa.

"Danladi, a rumfata aka yi maka wannan. Laifina ne. Ka yafe mini, ka ce wa Laraba ta yafe mini."

"Haba Shu'aibu, kai da kake kwance..."

"Na ce laifina ne. Ranar Alhamis za ta isa asibiti a kan lokaci, in Allah Ya yarda. Ka riƙe wannan daga bakina."

Kafin la'asar magana ta zaga Kwamba cewa Baba Rewaya ya tsufa, hannunsa ya mutu, har ya fara yin dairek. Ina tsaye a wurin aka fara ta, kuma ban buɗe baki ba. Wannan shirun ya fi ƙona ni a yau fiye da wayar da na haɗa.

Ranar Laraba muka yi aikin, ni da shi, daga safe har bayan la'asar. Na zaci zai yi mini tsawa irin wadda ya saba, da ya yi ma da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Buɗe bonet." Na buɗe. "Bi jar wayar da yatsanka." Na bi ta har inda aka ɗaure ta a jikin mota. Ya ce, "To kun gaisa. Ni ban ƙi sabon abu ba, Habibu. Wannan naka ya fi tsohon, na daɗe ina son in sa mata shi, idona ne ba ya ganin ƙafafunsa. Akwai irin na motocin da wutarsu ke juye, lambarsa daban. Je ka wurin masu kayan rediyo a kasuwa." Ya faɗi lambar da ka. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya san ta, ni mai takarda ban ko yi tunaninta ba.

Da na dawo ya ce a cikin tsohon gwangwanin za a sa shi, don kada a ɓata wa Gwaggo kamanninta, kuma don jikin gwangwanin ya riƙa ɗauke masa zafi. Ya karɓi ƙarfen liƙin waya da kansa. Na ga yadda bakin ƙarfen ke rawa a kan ƙafafun nan uku, dalma tana ɗiga a kan tebur. Sau uku yana gwadawa, gumi yana zuba daga haɓarsa. Sannan ya ajiye, ya dubi hannun nasa na ɗan lokaci, ya turo mini ƙarfen. Na liƙe. Ya sa yatsa ya ja kowace waya, suka riƙe. Mitar awon wuta ta nuna goma, na taka totur, ta tsaya a goma.

Ni a wurina aiki ya ƙare, shi kuwa yanzu aka fara. Ya sa na kwance ɗan ƙarfen da ke jin zafin inji, na jona masa waya, na tsoma shi a butar shayi da ke tafasa a kan risho. "Ina allura?" Na ce tana bakin ja daidai. "To nan ne ruwa ke tafasa. Ka riƙe wurin nan a idonka." Ya sa na tsiyaye tankin mai tas, allura ta kwanta ƙasa. Muka riƙa zubawa galan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗagowa a hankali, shi yana kallo yana numfashi da ƙyar. Da muka gama sai ya kama hannun rigata.

"Hannun Danladi ba zai iya sitiyarin nan ba. Gobe kai za ka tuƙa. Ka kai su, ka dawo da su. Idonka a kan allura. Yanzu in ta yi magana gaskiya ce, ka saurare ta."

Na buɗe baki zan ce Baba ka yafe mini, sai tari ya sarƙe shi, mai keke kuma ya iso. Na ce a raina gobe in na dawo zan faɗa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ga ni nan ke nan a Madalla da wayar Baffa Sale a kunne. Baba Danladi yana gefena, ya ji komai. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Da ya iya magana sai ya ce, "Habibu, faka. Sauka ka koma wurin babanka. Mu za mu nemi yadda za mu yi." Na dubi madubi. Mama Laraba tana kwance a kan katifa, fuskarta ta kumbura har idanunta sun ƙanƙance, kwana bakwai ke nan rabonta da wanki, kuma ina jin numfashinta duk da ƙarar manyan motoci. Babu wata yadda za su yi. Na yi lissafi cikin sauri: lokacinta ƙarfe goma ne, in hanya ta buɗe zan sauke su tara da rabi, in samu mota in juyo, sha ɗaya ta yi mini a ƙofar gida. Zan iya samun duka biyun. Na share idona da bayan hannu na sa giya.

Mun wuce Zuba, mun hau babban titi, hanya ta buɗe, na fara gode wa Allah. Muna dab da Dei-Dei allurar zafi ta baro tsakiya. Na ce ko idona ne. Ta ƙara matsawa. Babu hayaƙi, babu ƙauri, inji yana tafiya lafiya lau, babu abin da ke cewa akwai matsala sai wannan siririyar allura da ke tafiya zuwa inda na gan ta jiya a kan butar shayi. Na rage gudu. Baba Danladi ya leƙo.

"Ci gaba, ɗana. Ai kai ka ce haka yake hawa, kada a damu da shi."

Ƙaryata ce ta dawo mini, kuma wallahi na so in karɓe ta. In na yarda da ita na ci gaba da gudu, wataƙila mu isa, wataƙila in ga fuskar ubana kafin a rufe ta. In kuma allurar gaskiya ta faɗa, injin zai ƙone a tsakiyar titi, matar nan ta sake rasa ranarta, kuma ban ga alamar za ta kai wata Litinin ɗin ba. Allura ta taɓa bakin ja. Na kunna sigina na gangara gefe na kashe mota.

Na ce, "Baba Danladi, ƙarya na yi maka ranar Asabar. Ni na yi dairek ɗin nan, Baba bai ma san an yi ba. Wannan allurar ta yau ba ta ƙarya."

Ya dube ni. Ya ce, "Na san ba shi ba ne. Shu'aibu ba zai yi ba ko da hannu ɗaya ya rage masa. Je ka duba motan."

Tiyon ƙasan lagireto ne ya tsage a bakin maɗaurinsa, ruwa yana tsiyaya tun daga wani wuri, saura kaɗan ya ƙare. Gyaran ba wani abu ba ne, a yanke bakin da ya tsage a sake turawa a ɗaure. Amma ba a buɗe lagireto da zafinsa, kuma ba a zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi. Dole a jira, kuma ban taɓa jira mai ɗaci irin wannan ba. Ina tsaye a gefen titi, motocin Suleja suna wucewa ta ɗaya hannun, kowacce zan iya tsallakawa in shiga. Baffa Sale ya kira, ya sake kira.

"Kana ina yanzu? An gama wanka, ana shirin sa likkafani. Uwarka tana cewa a jira ka ka gan shi."

Na ce ina Dei-Dei, mota ta tsaya, akwai marar lafiya a ciki.

"Wace irin mota? Ubanka ne fa a kwance, Habibu! Ubanka!"

Na mayar da wayar aljihu. Na yanke tiyon da wuƙar aljihu, yatsuna suna ƙonewa, na ɗaure. Wata mata mai sayar da fiya wata ta taimaka mana, muka riƙa huda ledoji muna tsiyayawa har lagireto ya cika. Minti arba'in suka tafi a wurin. Na tada mota, allura ta hau zuwa tsakiya ta tsaya cak, ba ta sake motsi ba har ƙofar asibiti. Goma ta ɗan gota lokacin da muka turo Mama Laraba ciki, ma'aikaciyar jinya tana riƙe da takardar wanda zai maye gurbinta. Ta dube mu ta mayar da takardar.

Na fito da gudu, na shiga mota biyu da babur ɗaya. Baffa Sale, Allah Ya saka masa da alheri, ya saɓa wa wasiyya ya ja mutane har sha ɗaya da rabi saboda ni, rana tana dukan tsofaffi a ƙofar gida. Daga nan liman ya ce a yi. Na iso maƙabarta mutane suna fitowa suna kakkaɓe ƙasa daga hannuwansu. Aka nuna mini tudun da ruwan yayyafinsa bai bushe ba. Na durƙusa a wurin na faɗi abin da tari ya hana ni faɗa ranar Laraba, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Da azahar kuma na tashi daga kan tabarmar ta'aziyya, mutane suna bina da kallo, na koma Abuja na ɗauko su, domin cewa ya yi in kai su in dawo da su.

Ban ce na yi daidai ba. Malamai sun fi ni sanin wane haƙƙi ne ya fi nauyi, kuma har gobe in na rufe ido ina ganin motocin nan na Suleja suna wucewa ta ɗaya hannun. Abin da na sani shi ne, da na buɗe bonet ranar Asabar, da babu ɗaya daga cikin wannan da zai faru, kuma da ina gefen Baba lokacin da ya cika. Inna ta ce mini da safen nan, bayan ya yi sallah a zaune, ya tambaye ta, "Sun tafi?" Ta ce sun tafi. "Habibu ne ke tuƙi?" Ta ce shi ne. Ya ce, "To," ya juya ya kwanta a kan damansa, bai sake cewa komai ba sai kalmar shahada.

Saboda haka ina roƙon mutanen Kwamba, masu faci da direbobi da duk wanda maganar ta kai kunnensa, ku gyara ta. Malam Shu'aibu bai yi dairek ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Ubangijinsa. Ɗansa ne ya yi, shi kuwa ya rufa wa ɗan asiri da sunansa. Ranar addu'ar bakwai Mama Laraba ta zo gidanmu da ƙafarta, ta zauna kusa da Inna, su biyu suna kuka.

Ya Allah, ga bawanKa Shu'aibu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yafe masa zafin harshensa saboda gaskiyar hannunsa. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka tabbatar da shi a wurin tambaya, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna haƙurin rashin abokin zamanta, Ka raya ƙannena a kan tarbiyyarsa, Ka huce zuciyar Baffa Sale a kaina. Ka ba Mama Laraba lafiya, Ka ba Baba Danladi juriyar rashin amininsa. Ni kuma Ka yafe mini ƙaryata da shiruna. Ya Allah, ban samu zuba ƙasa ko tafi ɗaya a kabarin ubana ba. In akwai wani lada a minti arba'in ɗin da na tsaya a gefen titi ina jiran inji ya huce, ba nawa ba ne, shi ya ce in saurari allura. Ka kai masa shi. Amin.